BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN SHARI'AR ƊALIBAI MASU LARURAR KOYO DA JAMI'AR BOSTON

4.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi sharhi ne a kan wata shari'a da aka gudanar a ƙasar Amurka daga shekarar 1996 zuwa 1998, inda wasu ɗalibai masu larurar koyo suka kai Jami'ar Boston ƙara gaban kotun tarayya. An fi sanin shari'ar da sunan Guckenberger da Jami'ar Boston, wato sunan ɗalibar da ta zo a farkon jerin masu ƙara, wadda a lokacin take karatun aikin lauya. Dalilin zaɓen wannan shari'a shi ne, a cikinta ne aka fito fili da tambayar da kowane ofishin tallafa wa irin waɗannan ɗalibai yake fama da ita a ɓoye: wa ya kamata a gaskata, kuma da wace hujja? Za a dubi wani labari da babban jami'in jami'ar ya bayar a bainar jama'a, sannan a dubi hukunce-hukunce biyu da kotu ta yanke. Abin da ake son nunawa shi ne, kotu ta gyara wa jami'a hanyar yanke shawara, amma ta bar mudu biyu a kasuwa ɗaya. Ɗalibi sai ya kawo takardar gwani kafin a yarda da shi, ita kuwa jami'a ya wadatar ta nuna cewa ta zauna ta yi tunani.

4.1 Larurar Koyo da Matsayinta a Dokar Amurka

Abin da ake nufi da larurar koyo shi ne wata tangarɗa a yadda ƙwaƙwalwa take sarrafa harshe ko lissafi, ta yadda mutum mai cikakken hankali, mai gani, mai ji, zai riƙa shan wahalar karatu ko rubutu ko ƙidaya fiye da tsaransa. Wadda aka fi sani ita ce disleksiya, wato wahalar haɗa harafi da sautinsa cikin saurin da karatu yake bukata. Tun a 1896 wani likitan Ingila, W. Pringle Morgan, ya ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, wanda lissafi bai gagare shi ba, amma karatun ƙananan kalmomi ya gagare shi. Sunan da ya tattara irin waɗannan matsaloli wuri guda kuwa, Samuel Kirk ne ya yaɗa shi a wani taro da aka yi a Shikago a 1963. A Hausa babu wani tsayayyen suna da aka san larurar da shi. Yaron da ya daɗe a makaranta bai iya haɗa baƙi ba, daƙiƙi ake ce masa, in an tausaya masa a ce ba shi da rabon karatu.

Dokoki biyu ne suka shafi jami'o'in Amurka a wannan fage. Ta farko ita ce sashe na 504 na dokar 1973, wanda ya hana duk wata cibiya mai karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa naƙasassu bambanci. Ta biyu ita ce dokar naƙasassu ta 1990, wadda ta faɗaɗa hanin har ya kai ga cibiyoyi masu zaman kansu. Dokokin sun wajabta wa jami'a ta yi wa ɗalibi sassaucin da hankali zai ɗauka, sai fa idan sassaucin zai canza ainihin karatun. Ƙa'idojin da aka fitar a 1977 don aiwatar da sashe na 504 sun ambaci musanya wani kwas da wani a cikin ire-iren sassaucin, sannan suka keɓe sharuɗɗan karatun da jami'a za ta iya tabbatar da cewa jigo ne a karatun. Yana da kyau a riƙe wannan kalma ta tabbatarwa, domin za a dawo kanta a gaba.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a sani. A firamare da sakandaren gwamnati, dokar 1975 ta ɗora wa makaranta nauyin gano yaro mai larura da gwada shi kyauta. A jami'a kuwa nauyin ya koma kan ɗalibi. Shi zai kai kansa ofis, shi zai nemo takardar shaida, kuma galibi daga aljihunsa za a biya kuɗin gwajin.

4.2 Yadda Rikicin Ya Faro

A farkon shekarun 1990 Jami'ar Boston ta yi suna wajen kula da ɗalibai masu larurar koyo. Tana da ofishi na musamman a ƙarƙashin Loring Brinckerhoff, wanda ƙwararre ne a fannin, har ma jami'ar takan yi tallar wannan ofishi don jawo ɗalibai. Ɗalibin da aka tabbatar da larurarsa yakan sami ƙarin lokacin jarrabawa, da mai rubuta masa darasi, da littattafan da aka naɗa a kaset. Wasu ƙalilan kuma, waɗanda lissafi ko baƙon harshe ya gagare su, akan ba su damar ɗaukar wani kwas a madadinsa. Alal misali, maimakon kwas ɗin harshe, ɗalibi yakan ɗauki tarihin Afirka a zamanin mulkin mallaka, ko fasahar Japan.

A 1995 Jon Westling, wanda a lokacin shi ne babban jami'i mai kula da sha'anin karatu, kuma ya zama shugaban jami'ar a 1996, ya gano ana yin wannan musaya. Ya hana ta baki ɗaya. Daga nan ya karɓe ikon amincewa da sassauci daga hannun ƙwararrun ofishin ya mai da shi nasa ofishin, alhali shi da mataimakinsa babu wanda ya karanci fannin. Ya kuma kafa sababbin sharuɗɗa biyu: takardar shaida kada ta wuce shekara uku da rubutawa, kuma sai likita ko masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi ko babban digiri ne zai rubuta ta. A watan Disamba na 1995, ana daf da jarrabawa, aka aika wa ɗalibai wasiƙa cewa su kawo sababbin takardu a farkon Janairu ko su rasa tallafinsu. Daga baya an ɗaga wa'adin, amma hankula sun riga sun tashi. Brinckerhoff da wasu ma'aikatan ofishin suka ajiye aiki, sannan a 1996 ɗalibai suka garzaya kotu.

Adalci ya sa a faɗi cewa ruwa ba ya tsami banza. Lokacin da ofishin Westling ya duba fayilolin wasu ɗalibai, ya tarar da takardun da ba su cika ba, kuma batun abin da ya wajaba ɗalibi ya karanta kafin a ba shi digiri hurumin malamai ne, bai kamata ƙaramin ofishi ya riƙa yanke shi shi kaɗai ba. Damuwarsa tana da tushe. Inda gizo ke saƙar shi ne irin hujjar da ya dogara da ita.

4.3 Samanta Mai Gyangyaɗi a Matsayin Ƙagaggen Labari

A cikin wani jawabi da ya gabatar a Ostireliya a 1995, Westling ya ba da labarin wata ɗalibar aji ɗaya mai suna Samanta, wadda ya ce ta same shi a ranar farko ta darasi ta miƙa masa wasiƙa daga ofishin naƙasassu. Wasiƙar ta nuna cewa tana da larurar sarrafa abin da ta ji da kunne, don haka tana bukatar ƙarin lokaci a kowace jarrabawa, da ɗaki na daban da za ta rubuta ta, da kwafen takardun darasin malami, da kujera a sahun gaba. A ƙarshe kuma aka sanar da shi cewa mai yiwuwa barci ya ɗauke ta a aji, don haka ya kula ya maimaita mata abin da ya wuce ta. Ya yi mata laƙabi da abin da za a iya fassarawa da Samanta Mai Gyangyaɗi. Da aka zo gaban shari'a, ya amsa cewa babu wata ɗaliba mai wannan suna ko wannan hali. Shi ya ƙage ta.

Tun da ƙagagge ne, ya halatta a auna shi da ma'aunin adabi, kuma idan aka yi haka za a ga cewa an tsara shi da gwaninta. Da farko akwai zubi. An jera buƙatun ne daga mai sauƙin karɓa zuwa mai wuyar haɗiya. Ƙarin lokaci abu ne da kowane malami ya saba ji. Ɗaki na daban ya ɗan fi nauyi. Kwafen takardun malami ya fara taɓa haƙƙinsa. Sai aka ajiye barci a ƙarshe, domin shi ne ƙololuwa, kuma da zarar mai sauraro ya isa wurin, sai ya waiwaya ya ga duk abubuwan da suka gabata da idon tuhuma. Wato an yi amfani da buƙatar ƙarya guda ɗaya an shafa wa buƙatun gaskiya guda huɗu kashin kaji.

Na biyu akwai tauraruwar kanta. Samanta ba ta da tarihi, ba ta da iyaye, ba a faɗi irin wahalar da ta sha kafin ta iso jami'a ba, ba a kuma bari ta kare kanta ba. Hali ɗaya aka ba ta, aka liƙa shi a jikin sunanta. Wannan shi ne tsarin taurarin tatsuniya, inda Gizo yake wayo, Kura take kwaɗayi, ba a kuma tsammanin su da wani hali bayan wannan. Laƙabin kansa aikin zambo yake yi, domin abin da zambo ya ƙware a kai ke nan, ya ɗauki siffa ɗaya ta mutum ya kambama ta har ta rufe sauran. Sannan zaɓen barci ba a banza aka yi shi ba. Barci a aji shi ne hoton lalaci da kowa ya sani, ta haka aka mai da larurar da ba a gani da ido ta koma halin da kowa yake ƙyama.

Na uku akwai mai ba da labari. Ya sa kansa a ciki a matsayin ganau, kuma a matsayin wanda aka zalunta: malami mai son aikinsa da wata takarda ta ɗaure wa hannu. A nan ne labarin ya saɓa wa ladabin ƙirƙira. Hausawa sun bambanta tatsuniya da labari. Mai tatsuniya yakan buɗe da kalmomin da ke sanar da yara cewa an shiga duniyar ƙarya, ya kuma rufe da ƙurunƙus, don kada wani ya kwana da ita a matsayin gaskiya. Labari kuwa ana bayar da shi ne a kan cewa ya faru. Westling ya ɗauki tatsuniya ya sanya mata rigar labari, bai yi ƙurunƙus ba sai da ya tsaya gaban alƙali. Ba laifi ba ne mai jawabi ya kawo misali na ƙirƙira. Laifin shi ne a ɓoye ƙirƙirar, musamman idan mai maganar shi ne mai riƙe da alƙalamin da zai amince ko ya ƙi amincewa da buƙatun ɗalibai na gaske.

Tasirin labarin shi ne ya sauya tambaya. Kafin Samanta, abin da ofishin tallafi yake tambaya shi ne me wannan ɗalibi yake bukata don ya nuna abin da ya sani. Bayan Samanta sai tambayar ta koma ko wannan ɗalibi maƙaryaci ne. Sharuɗɗan da aka kafa, na shekara uku da na babban digiri, duk amsoshin tambaya ta biyu ne. Abin mamaki kuma, kotu ta lura cewa babu ko ɗalibi ɗaya da aka taɓa tabbatarwa ya ƙirƙiri larura a wannan jami'a. Ƙirƙira guda da aka tabbatar a duk shari'ar daga bakin hukuma ta fito.

4.4 Hukuncin Watan Agusta na 1997

Mai shari'a Patti Saris ta yanke hukuncin farko a watan Agusta na 1997, kuma ta raba gardamar gida-gida. Ta ce tilasta wa kowane ɗalibi sake gwaji bayan shekara uku, kamar yadda aka fara shimfiɗa shi, ya saɓa wa doka, domin larura irin disleksiya ba ta gushewa bayan mutum ya girma, sake gwajin kuwa yana cin kuɗi da lokaci. Ta amince da gyararren sharaɗin da jami'a ta kawo daga baya, wanda ya yafe sake gwaji idan gwani ya ce babu bukata. Ta hana a ƙi takardar da ƙwararre mai digiri na biyu ya riga ya rubuta wa ɗalibi, amma ta bar sharaɗin babban digiri a kan larurar rashin natsuwa da kasa tattara hankali, saboda alamominta suna iya rikicewa da na wasu cututtuka. Ta ba ɗalibai shida diyyar da jimillarta ta kusa dala 30,000. Game da Westling kuwa, ta ce abubuwa biyu ne suka motsa shi, wato damuwa ta gaskiya da ingancin karatu, da kuma kuɗin goron da ya yi wa masu larura ba tare da sani ba.

Wannan ɓangare na hukuncin yana da ƙarfi, domin kowane sharaɗi an ɗora shi a sikeli an tambayi amfaninsa. Amma akwai abin lura a batun lissafi. Kotu ta ƙi tilasta musayar kwas ɗin lissafi, saboda masu ƙara ba su kawo isasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna cewa akwai larurar da za ta hana mutum lissafi ɗungurungum ba. Ke nan an tambayi ɗalibai hujjar kimiyya, da suka gaza kawowa sai suka faɗi. A batun harshe sun kawo, kuma kotu ta yarda cewa neman musaya abu ne da hankali zai ɗauka. Sai dai ba ta ba su musayar ba. Ta umurci jami'a ta koma ta kafa kwamitin malamai, ya duba ko musayar za ta canza ainihin digirin, ya kawo rahoto.

4.5 Hukuncin Watan Mayu na 1998 da Batun Baƙon Harshe

Tsangayar fasaha da kimiyya ta jami'ar tana wajabta wa ɗalibi ya kai matakin zango huɗu a wani baƙon harshe. Ba laifi a ambata a nan cewa Hausa ma tana cikin harsunan Afirka da aka daɗe ana koyarwa a wannan jami'a. Kwamitin malamai 11 ya zauna sau bakwai a ƙarshen 1997, ya kuma yanke, in ban da mutum ɗaya da ya saɓa, cewa koyon harshe jigo ne a digirin, kuma babu kwas ɗin da ake koyarwa da Ingilishi da zai maye gurbinsa. A watan Mayu na 1998 kotu ta karɓi wannan matsayi. Ta dogara da wata shari'a ta baya, ta Wynne da makarantar likitanci ta Jami'ar Tufts, wadda ta kafa cewa idan jami'a ta nuna masu ruwa da tsaki sun duba sauran hanyoyi, sun auna yiwuwarsu da tasirinsu, sun cim ma matsayar da hankali zai ɗauka, to kotu ba za ta tsoma baki ba.

Dole a ba hujjar kwamitin haƙƙinta, kuma ɗalibin harshe ya fi kowa sanin ƙarfinta. Wanda ya karanta tarihin Hausawa da Ingilishi ya san labarin Hausawa, amma bai ɗanɗani abin da ke cikin kunya ko kara ko mutunci ba, domin kowace daga cikinsu ba ta da takwara guda a Ingilishi. Karatu a kan mutane daban yake da shiga harshensu. Bugu da ƙari, binciken masana bai tsaya a gefe ɗaya ba. Kenneth Dinklage ya rubuta a 1971 a kan ɗaliban Jami'ar Harvard masu hazaƙa waɗanda baƙon harshe ya gagara duk da ƙoƙarinsu, ya kuma danganta abin da alamomin disleksiya. Richard Sparks da Leonore Ganschow sun nuna a farkon shekarun 1990 cewa wahalar baƙon harshe tana da tushe a raunin sarrafa sautukan harshen uwa. Amma shi Sparks ɗin ya rubuta a 2006 cewa babu wata larura ta daban mai hana koyon baƙon harshe, abin mataki-mataki ne, kuma da yawa daga masu takardar larura suna cin kwas ɗin idan sun ɗauka. Saboda haka mai yiwuwa ne matsayar kwamitin daidai ce.

Sukar da wannan nazari yake yi ba ta kan matsayar ba ce, tana kan yadda aka karɓe ta. Tambayar da aka ba kwamitin ita ce ko koyon harshe yana da muhimmanci a ilimi, kuma malamai aka tambaya. Da wuya a tara malamai a tambaye su ko abin da tsangayarsu ta wajabta yana da amfani, su ce ba shi da shi. Tambayar da ta fi dacewa ta fi wannan ƙunci: ɗalibin da zai yi zango huɗu yana faɗuwa yana maimaitawa, a ƙarshe ya tsallake da ƙyar, shin ya sami wannan ɗanɗano da ake magana? Idan bai samu ba, me aka kare? Wannan tambaya ce da ake iya amsawa da ƙididdiga. Jami'ar tana da ɗaliban da aka yi wa musaya kafin 1995, ana iya bin sawunsu a ga ko digirinsu ya fi na sauran rauni. Kotu ba ta sharɗanta irin wannan bincike ba. Masu ƙara sun nuna cewa wasu manyan jami'o'in Amurka suna yarda da musaya, ko ma ba su wajabta harshe ba, kotu ta ce wannan bai hana Boston bin tata hanya ba.

A nan ne mudun biyu suka bayyana. Ƙa'idar 1977 ta ce jami'a ta tabbatar da cewa sharaɗin jigo ne. A aikace tabbatarwar ta koma zama bakwai da rahoto ɗaya. Ɗalibi da ya ce ba zai iya ba, an nemi gwaji da sa hannun gwani da hujjar kimiyya. Jami'a da ta ce ba za ta iya ba, an nemi shaidar cewa ta tattauna. Akwai dalilin da ya sa kotuna suke jin nauyin malamai, domin alƙali bai san tsarin karatu kamar su ba, kuma jami'ar da kotu ke rubuta wa manhaja ta rasa 'yancinta. Amma wannan jin nauyi ya fi dacewa da hukumar da ba a taɓa kamawa da son rai ba. Wannan kuwa hukuma ce da kotun da kanta ta ce ta yi wa ɗalibai kuɗin goro wata tara kacal da suka wuce. Gaskiya ne an cire Westling daga kwamitin, amma shi ne shugaban jami'ar da 'yan kwamitin suke aiki a ƙarƙashinsa, kuma kowa ya san ra'ayinsa.

4.6 Takardar Shaida da Wanda Take Tarewa

Abubuwan da suka biyo baya sun ƙara haska batun takarda. A 2008 majalisar Amurka ta yi wa dokar 1990 gyara, ta ambaci karatu da tunani da tattara hankali a cikin muhimman ayyukan rayuwa, ta kuma nuna cewa kada a tsananta wajen tantance wane ne mai larura. A 2012 ƙungiyar ma'aikatan ofisoshin naƙasassu na manyan makarantu, wato AHEAD, ta fitar da jagora da ya sa bayanin ɗalibi game da kansa a sahun farko na hujjoji, bisa fahimtar cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce ai tsoron Westling ya tabbata a 2019, lokacin da masu gabatar da ƙara na tarayya, a birnin Boston ɗin dai, suka bankaɗo badaƙalar William Singer. Daga cikin dabarunsa akwai sa iyaye masu hali su samo wa 'ya'yansu takardar larurar koyo, don a ba su ƙarin lokaci da ɗaki na daban a jarrabawar shiga jami'a, inda aka sayi masu sa ido. Lallai wannan ya nuna ana iya yin ƙarya da sunan larura. Amma ya kamata a dubi su wane ne suka yi ta. Masu kuɗin sayen sa hannun gwani ne. Sharaɗin takarda mai tsada bai tare su ba, shi ne ma ƙofar da suka bi. Wanda sharaɗin yake tarewa shi ne ɗan talakan da larurarsa ta gaskiya ce amma ba shi da kuɗin gwaji, ko wanda ya fito daga makarantar da ba ta taɓa lura da shi ba.

Batun harshe ya sa wannan shari'a ta shafi ɗalibi Bahaushe ta wata fuska da ba ta shafi ɗalibin Boston ba. Shi ɗalibin Boston zango huɗu kawai ake neman ya yi a baƙon harshe, sauran karatunsa da harshen uwarsa ne. Bahaushe a jami'ar Nijeriya kusan dukkan karatunsa a baƙon harshe yake, kuma sai ya sami kiredit a Ingilishi, ya kuma rubuta Ingilishi a jarrabawar JAMB, kafin ya ga ƙofar jami'a. Wani bincike da Eraldo Paulesu da abokan aikinsa suka buga a 2001 ya kwatanta masu disleksiya na Italiya da Faransa da Ingila, ya tarar da tangarɗa iri ɗaya a aikin ƙwaƙwalwarsu, amma 'yan Italiya sun fi iya karatu, saboda rubutun harshensu yana bin sauti sau da ƙafa. Rubutun boko na Hausa ya fi kusa da na Italiya a wannan fuska, duk da cewa ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke da rubutu ɗaya. Ingilishi kuwa yana rubuta sauti ɗaya ta hanyoyi da dama. Saboda haka yana yiwuwa yaro ya riƙa lallaɓa karatun Hausa, larurarsa ba ta fito ba, sai ya haɗu da Ingilishi ta bayyana. A lokacin kuwa bayani mafi sauƙi yana nan a hannu, wato bai iya Turanci ba, kamar sauran 'yan ajinsu. Malamin da ke gaban ɗalibai masu yawa waɗanda duk Ingilishi yake ba su wahala ba shi da hanyar da zai bambance wanda bai sami koyarwa mai kyau ba da wanda larura take damu, sai da gwajin da aka tsara da harshen yaron. Nijeriya ta sami dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, kuma tun 2017 hukumar JAMB take shirya wa makafi jarrabawa ta musamman. Makanta larura ce da ido yake gani, ba a neman dogon bayani kafin a yarda da ita. Duk ofishin tallafin da zai karɓi mai larurar koyo a jami'ar da ɗalibanta Hausawa ne, tambayar Boston ce za ta fara tarbarsa a bakin ƙofa, da ƙarin wata da Boston ba ta fuskanta ba: da wane harshe za a yi gwajin, kuma wa zai biya kuɗinsa.